Tsohuwar askar Sheffield da tsatsa ta ci: yadda aka dawo da ita bakin aiki a gida

Askar ta fito ne daga ƙasan adakar wani dattijo da ya rasu, a naɗe cikin tsumma tare da tsofaffin takardu. Ba irin ta maƙeranmu ba ce wadda wanzami ke zarowa daga zabira. Irin ta Turai ce mai naɗewa, wadda ƙarfenta ke shigewa tsakanin ɓari biyu na ƙota. A wuyanta an buga sunan Joseph Rodgers & Sons, da adireshinsu na lamba 6 a titin Norfolk cikin birnin Sheffield na Ingila, da tambarin tauraro da kuros, sai kalmar England a ƙasa. Wannan kalma ta ƙarshe tana taimakawa wajen ƙiyasin shekaru. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta tilasta a riƙa buga sunan ƙasar da aka ƙera kaya a jikinsu tun daga 1891, saboda haka askar Sheffield mai ɗauke da sunan ƙasa galibi bayan wannan shekara aka yi ta.

Magajinta yana so ya riƙa aske gemu da ita, ba ya rataye ta don ado ba. Kafin ta zo hannun masu gyara kuwa ya riga ya yi nasa ƙoƙarin: ya jiƙa ta a ruwan lemun tsami ta kwana, da safe ya goge da toka. Jar tsatsar sama ta fita, amma ƙarfen ya koma baƙi-baƙi, bakin kuma ya yi zago-zago. Tsami ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe. A tukunya mai kauri ba a ganin ɓarnarsa, amma bakin aska ya fi takarda siranta, kwana ɗaya ya isa ya cinye shi. Haka ruwan khal yake yi, haka lemon kwalba, balle ruwan batir.

Halin da ta zo a ciki

An auna faɗinta daga doro zuwa baki, milimita 19, wato abin da masu sayarwa ke kira 6/8 na inci. Kaurin doron milimita 5.5. Akwai jar tsatsa a wajen ƙusar da take juyawa a kai, da baƙaƙen ɗigo masu kama da zanzana a fuska ɗaya, wasu kusa da baki. Akwai giɓi ɗaya a tsakiya, zurfinsa kamar rabin milimita. Ƙotar ta baƙin ƙaho ce, ta bushe ta yi furfura, ɓari ɗaya ya ɗan lanƙwashe ciki har kan askar yana gogarsa in za a rufe, ga ramuka uku na ƙwaro. Ƙusar ta saki, askar tana buɗewa da kanta in an kifa ta.

Waɗannan awo biyu, 19 da 5.5, su ne asirin aska. Ba a ɗaga doron aska sama in ana wasa ta kamar yadda ake yi wa wuƙar yanka. Kwantar da ita ake yi shimfiɗe, doro da baki duka suna taɓa dutse, kaurin doron ne ke tsara kusurwar kaifi. Da awon wannan askar kusurwar ta kama digiri 16 da rabi, kuma tsakanin 15 da 18 ne aska ke yin aski mai daɗi. In aka cinye milimita ɗaya daga baki, ta koma wajen 17 da rabi, ba laifi. In aka cinye uku, ta kai kusan 20, ta fara jan gashi maimakon ta yanke shi. Ke nan ƙarfen da za a iya ɓarnatarwa a wajen gyara ƙididdigagge ne, kuma duk abin da aka goge ba ya dawowa.

Binciken da ke yanke hukunci

Yawancin masu sha'awa da samfefa suke farawa, su shafe kwana uku suna neman sheƙi, sai a ƙarshe su tarar da bakin ruɓaɓɓe ne. A nan an juya tsarin. Abu uku aka duba tukuna.

Na farko tsaga. An wanke askar da sabulu da tsohon buroshin haƙori, aka tsane ta sarai, aka duba bakin da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, a cikin hasken rana. Sannan aka ɗora bakin a gicciye kan farcen babban yatsa aka ɗan danna kaɗan ana tafiya da shi sannu: in akwai tsaga, sai ta buɗe baki a gan ta. Askar da ta tsage daga baki zuwa sama ta gama aikin aski, domin tsagar za ta kama fata, kuma wasa ba ya rufe ta. Wannan ba ta da ita.

Na biyu alamar wuta. In wani ya taɓa kai aska wurin mai injin wasa wuƙa a kasuwa, akan ga launin ruwan ƙasa ko shuɗi a gefen baki. Ƙarfen aska mai yawan kabon ne, an yi masa tauri da wuta da ruwa, sannan aka ɗan sassauta shi da zafin da bai wuce digiri 200 da ɗoriya a ma'aunin Celsius ba. Shuɗi yana bayyana ne a wajen digiri 300, kuma a siririn baki daƙiƙa ɗaya a kan injin ta isa. Wurin da ya yi shuɗi ya yi laushi ke nan, zai yi kaifi amma ba zai riƙe ba. Wannan ma ta tsallake.

Na uku shi ne ainihin gwajin: an manna baƙin tef na masu wayarin a doronta, aka hau dutsen wasa mai lamba 1000 (lambar tana nuna kaushi ne: in ta ƙaru, kaushin yana raguwa) da ita tun tana da dattinta, aka yi ta wasa har giɓin ya kusa ɓacewa. Abin da ake nema shi ne a ga siririyar layi mai haske daga gindi har kai, ba baƙin ɗigo ko ɗaya a cikinta. Da farko ɗigo huɗu ne suka faɗo kan layin, kowanne yana ɓallewa ya bar ƙaramin giɓi. Bayan an ci kusan milimita ɗaya, layin ya fito tas. Daga nan ne aka san askar ta cancanci wahalar da za a yi mata. Da zanzanar ta ci gaba da fitowa bayan milimita biyu, da shawarar ita ce a shafa mata mai a ajiye ta don tunawa da mai ita.

Kafin a ci gaba sai aka kashe wannan kaifin da gangan, aka ja bakin sau biyu a kan kwalba ba tare da dannawa ba, aka rufe shi da tef. Tsohuwar aska da ake ganin ta dakushe tana iya yanka yatsa har ƙashi. Ƙa'idar wurin aiki kuwa ba ta canzawa: a zauna a tebur, a sa rufaffen takalmi, yara su yi nisa, kuma in aska ta suɓuce a janye hannu da ƙafa a bar ta ta faɗi. Masu cafkewa su ne ake kai wa ɗinki.

Raba ta da ƙota

Ba kowace aska ake kwancewa ba. In ƙusar tana da ƙarfi kuma tsatsar wajenta kaɗan ce, tsinken sakace da zare da ɗigon mai sun wadatar. Wannan dole aka kwance, saboda tsatsar ta shige ƙarƙashin ƙota kuma ɓari ɗaya yana bukatar miƙewa.

An huda ƙaramin rami a tef aka manna shi kan ƙotar yadda kan ƙusar kaɗai ke leƙowa, aka goge kan da ƙaramin magagari har ya yi daidai da washa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke kewaye da kan ƙusar. Aka ɗora ƙotar kan katako mai rami, aka sa siririn ƙarfe aka tura ƙusar da bugu marar ƙarfi. Ba a sa sukundireba a ɓanɓare ba. Busasshen ƙaho a daidai ramin ƙusa yake tsagewa, kuma nan ne wurin da ya fi wuyar gyara. An adana ƙananan washoshin ciki, da ɗan ƙarfen da ke raba ɓari biyu a ƙarshen ƙota. A tsofaffin askokin Sheffield wannan yanki sau da yawa na dalma ne, don haka ba a goge shi da samfefa ana shaƙar ƙurarsa, kuma a wanke hannu bayan an taɓa.

Wata fargaba da ba ta shafi wannan askar ba amma ya kamata a sani: akwai ƙotar da ke kama da ƙaho ko hauren giwa alhali ta seluloyid ce, tsohuwar roba da ake haɗawa da kafur. In ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai tsami da ke cin ƙarfe. Alamarta ita ce tsatsa ta kama daidai sashen da ke kwana cikin ƙota, doron da ke waje kuwa yana nan fes. Irin wannan ƙota cirewa ake yi a yar, kuma a raba ta da sauran askoki. Tana kama wuta nan take, saboda haka ba a gwada ta da zazzafar allura, ba a kuma zuba mata sifirit.

Cire tsatsa

An kwantar da ƙarfen a kan katako, bakin yana manne da katakon yana kallon nesa da mai aiki. An ɗiga man keken ɗinki, aka kankare jar tsatsa mai tudu da gefen wani yankin tagulla, wanda ya fi ƙarfen laushi don haka ba ya karce shi. Sai samfefar ruwa irin ta masu fentin mota, a yanka ta ƙanana a naɗe a murfin kwalba na toshiya ko guntun robar silifa, domin ta bi lanƙwasar fuskar askar. Da yatsa zalla, samfefa takan yi rami a inda aka fi dannawa.

An fara da lamba 400, ba 220 ba. Kowace lamba aikinta ta share karcen wadda ta gabace ta, kuma karcen 220 a ƙarfe mai wannan tauri yana cin awoyi kafin ya fita. Daga 400 sai 600, 800, 1000, 1500, 2000. Dabarar sanin lokacin sauyawa ita ce a canja alƙibla: lamba ɗaya daga doro zuwa baki, ta gaba a bi tsawon askar. In ba a ƙara ganin layukan alƙiblar baya ba, an gama da wannan lambar. Ana goge ƙarfen da tsumma mai tsabta a tsakani, domin ƙwayar 400 guda ɗaya da ta maƙale tana iya ɓata aikin 1500. Hannu kullum daga doro yake gangarowa zuwa baki, ba ya tunkarar bakin.

A lamba 400 aka tsaya aka yi shawara mafi muhimmanci a aikin. Baƙaƙen ramukan fuskar ba su fita duka ba. Fitar da su yana nufin a rage kaurin fuskar gaba ɗaya har zuwa ƙasan rami mafi zurfi, a ƙarfen da dama an riga an fafe shi ya yi siriri. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Baƙin da ke cikin ramin ba ya yaɗuwa irin na jar tsatsa muddin yana bushe kuma da mai a kansa. An bar su. An kuma rufe rubutun wuya da tef, daga baya aka bi shi da lamba 1000 kawai, don kada sunan maƙeran ya shafe. Doron ma ba a taɓa gefensa da samfefa mai kaushi ba, tunda shi ne ma'aunin kusurwa. A ƙarshe aka goge da man goge ƙarfe irin su Autosol a tsumman auduga. Duka aikin ya ci kamar awa biyar, a zama uku.

Ƙaramin injin gogewa mai juyawa yana gama wannan cikin minti ashirin, shi ya sa yake jan hankali. Amma yana zafafa baki, kuma in ƙafarsa ta kama gefen askar sai ta fizge ta daga hannu ko ta ɓalle yanki ta harba. Askokin da suka mutu a hannun masu gyara, da yawansu a nan suka mutu.

Ƙota da haɗawa

An wanke ƙahon, aka tsoma ɓarin da ya lanƙwashe cikin ruwan zafi da aka sauke daga wuta na minti biyu zuwa uku har ya yi laushi, aka matse shi tsakanin katako biyu masu santsi ya kwana. Ramukan ƙwaro an cike su da garin ƙahon da aka goge haɗe da ɗigon sufa gulu. Sai samfefa 600 zuwa 2000, sannan aka jiƙa shi kwana biyu a mai. Masu wannan sana'a a Turai man ƙafar shanu suke amfani da shi. Farin man jarirai yana yin aikin. Man gyaɗa ba ya yi, domin yana daskarewa ya yi danƙo da wari. Furfurar ta ɓace, baƙin ya dawo da jijiyoyin ruwan zuma a cikinsa.

Sabuwar ƙusa ta sandar tagulla ce mai kaurin milimita 1.6. An jera washa, ƙota, siririyar washa, ƙarfe, siririyar washa, ƙota, washa, aka yanke sandar aka goge ta har saura kamar rabin milimita zuwa ɗaya a kowane gefe. A karon farko an bar ta da tsawo kuma an buga da ƙarfi, sai ta lanƙwashe a ciki, askar ta karkace tana dukan ƙota. Dole aka cire aka sake. Bugun da ya dace ba ya wuce wanda mutum zai iya yi wa farcensa ba tare da ya ji zafi ba: ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, ko bayan cokali, bugu goma a juya ɗaya gefen, ana gwada rufewa a kai a kai. An daina bugu lokacin da askar ta iya tsayawa a rabin buɗewa ba ta faɗo ba, kuma tana shiga tsakiyar ƙota ba ta taɓa ko'ina.

Wasa

Aski ya zo gaban goshi. Dutsen wasa wuƙar kicin bai isa nan ba, kuma lambar samfefa da ta dutse ba ɗaya ba ce: samfefa 2000 kaushinta bai wuce na dutse 1000 zuwa 1500 ba, saboda haka wanda ya tsaya a kanta farkon hanya ya tsaya. An yi amfani da duwatsun ruwa masu lamba 1000, 4000, 8000 da 12000. Kafin komai an daidaita fuskar kowanne a kan jiƙaƙƙiyar samfefa 400 da aka shimfiɗa kan gilashi, bayan an zana layuka da fensir. In layukan sun goge duka, dutsen ya miƙe. Dutse mai kwari a tsakiya yana lalata bakin aska.

An cire tef daga doro a wannan karon. Tef ɗaya yana ƙara kusan digiri ɗaya, ita kuwa askar ta riga ta hau 17 da rabi. Cire shi yana nufin dutsen zai fara cin kafaɗar kaifin kafin ya kai ƙarshen baki, don haka aka shafa baƙar maka a gefen bakin duka fuska biyu. Bayan ja biyar sai a duba: inda tawada ta rage, dutse bai kai can ba. Bakin tsofaffin askokin Sheffield yakan ɗan yi baka, tsakiya ta fi fitowa, saboda haka ja miƙaƙƙe ba ya taɓa kai da gindi. Ana fara ja da gindin a manne, a gangaro a gicciye, nauyin yana tafiya sannu daga gindi zuwa kai. Baki ne ke gaba, a juya askar ta kan doronta, ba ta kan baki ba.

Kashi mafi yawa na aikin a dutse 1000 yake. Ba a bar shi ba sai da askar ta aske gashin hannu a kowane sashe nata. Wanda ya wuce gaba kafin haka yana goge gefe biyu ne da ba su haɗu ba, zai sami baki mai ƙyalli da ba ya aski. Daga nan ja 40 a 4000, ja 25 a 8000, nauyin hannu yana raguwa har ya zama nauyin askar kaɗai. A 8000 gilashin ƙara girma ya nuna wani ɗan giɓi ya ɓullo kusa da kai: ramin tsatsa ne da ke ɓoye a ƙarƙashi. Ba a yi masa kwaskwarima ba, an koma 1000 aka ci har ya wuce, aka sake hawowa. Sai ja 15 a 12000.

A fatar wasa kuwa, wadda ake jan aska a kai bayan dutse, doro ne ke gaba, bakin yana biye. Fatar ta zama mai santsi, ba ɗinki ba tudu, a ja ta ta miƙe sosai. In ta yi sako-sako tana naɗe bakin ta dakusar da shi. Ja 50, a hankali. Bayan haka askar ta tsinke gashi guda da aka riƙe a iska, amma gemu ne ya ba da shaidar ƙarshe: ta sauka a kunci ba ja ba ƙuna.

Tsabta da ajiya

Ƙwayoyin cutar da suka kwana shekaru a adaka ba su ne abin tsoro ba, balle an goge fuskar ƙarfen duka. Haɗarin yana wajen karo-karo. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe, ko da ido ba ya ganinsa, saboda haka aska ta mutum ɗaya ce, ko ɗan'uwa ba a ara wa. Kafin askin farko an wanke ta da sabulu, aka tsoma ƙarfen kaɗai, ban da ƙota, a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti goma. In na kantin magani mai kashi 95 ne, a haɗa awo uku da awo ɗaya na ruwa mai tsabta, domin ɗan ruwan yana ƙara masa ƙarfin kashe ƙwayoyi. Bilic yana huda ƙarfe, tafasawa kuma tana lanƙwasa ƙaho. Wanda ya yanke a wajen gyara ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya danne da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa. In bakin ciwon ya buɗe ko jinin ya ƙi tsayawa, sai asibiti, a kuma duba ko yana bukatar allurar tetanus.

Bayan kowane aski a ɗauraye ƙarfen ba tare da ruwa ya kai ƙusa ba, a tsane da tsumma daga doro, a ja ta sau goma a fata don bakin ya bushe, a bar ta a buɗe rabin awa inda yaro ba ya kaiwa. Da damina wannan ƙarfe yana iya yin ɗigon tsatsa cikin dare ɗaya, don haka siririn man keke ko basilin dole ne, kuma banɗaki ba wurin ajiyarta ba ne. Kuben fata ma yana riƙe danshi. Da hunturu damuwar takan koma kan ƙota da fatar wasa, su ne ke bushewa su tsage: ɗigon mai a ƙaho sau ɗaya a wata, ɗan man kaɗanya a tafin hannu a murza wa fatar. In aski ya fara ja bayan wata biyu ko uku, ja 10 zuwa 15 a dutse 12000 ya isa, ba sai an koma 1000 ba.